Yadda Ake Sa Wa Hular Kwano Fitila Don Tuƙa Keke Da Dare

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In gudun ya kai 80, mita 22 ke nan. Kafin direba ya hangi abu a gabansa, ya gane mutum ne a kan keke, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ko biyu sun shuɗe, motar kuwa ba ta rage komai ba. Saboda haka abin da mai keke yake nema da dare shi ne a hango shi tun daga nesa, kuma a gane ko mene ne tun kafin a iso shi.

Kai shi ne wuri mafi tsawo a jikin mai keke. Fitilar da ke ƙarƙashin sirdi tana iya ɓuya a bayan motar da ke biye da kai, ko jaka ko gefen riga ya rufe ta ba ka sani ba. Ta hannun keke kuma motocin da aka ajiye a bakin titi suna tare ta. Wadda ke kan hular kwano tana leƙowa ta saman mafi yawan ƙananan motoci, direban babbar mota da ke zaune can sama ya fi saurin ganinta, sannan tana bin kanka duk inda ka juya. Wannan na ƙarshe shi ne babban amfaninta: a mahaɗar hanya, fitilar hannu gaba kawai take kallo, ta kai kuwa tana duban inda haɗarin yake fitowa.

Sharuɗɗa biyu kafin a taɓa komai

Na farko, fitilar kai ƙari ce. Ba ta maye gurbin fitilun jikin keke. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta birnin Biyana (Vienna) ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa ta tanadi cewa keke ya kasance da farin haske ko rawaya a gaba, jan haske a baya, da jan abin ƙyalli a baya, kuma dokokin ƙasashe da yawa a kan wannan tsari suke. A Birtaniya, fitilar da doka ta sani ita ce wadda ke maƙale a jikin keken, ta hula ba ta shiga lissafi. Ko da babu doka ma, hankali ya isa: da ka waiga, fitilar bayan hularka ta daina kallon baya, a daidai lokacin nan kuwa wadda ke jikin keke ce kaɗai ke tsaron bayanka.

Na biyu, kuma wanda na fi damuwa da shi: kada garin neman haske ka ɓata hular. Hular kwanon keke soso ce mai tauri, irin wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali, sai siririyar roba mai santsi da aka lulluɓe ta da ita. Idan kai ya bugi ƙasa, soson nan ne yake murƙushewa ya shanye bugun, robar kuma ta sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta cije ta murɗe wuya. Ma'aunan da ake gwada hulunan da su, irin su EN 1078 na Turai da na hukumar CPSC ta Amurka, hular suke gwadawa yadda ta fito daga masana'anta. Duk abin da ka ɗora daga baya, kai ka ɗora, babu wanda ya gwada maka shi.

Daga nan ƙa'idojin aikin suka fito. Ba a huda hula, ba a ɗaura mata kusa ko noti, ba a yanke soson don a yi wa waya hanya. Ba a shafa mata supa gulu ko gam mai warin sinadari ko gam ɗin zafi, domin suna cin soson ko su raunana robar, ɓarnar kuma ba lallai ido ya gan ta ba. Ba a sa wani abu mai tauri a cikin hula, tsakanin soso da kai. Sannan duk fitilar da za ta hau sama, a ɗaura ta yadda in an faɗi za ta fizge ta yi nata wuri. Fitilar da aka ɗaure tamau tana iya zama ƙugiyar da za ta kama ƙasa ko reshen bishiya, ko ta tattara ƙarfin bugu a wuri guda ta tura shi cikin soson.

Duba hular tukuna

Cire ƙananan sosunan ciki ka duba ko'ina a wuri mai haske. In ka ga tsaga, ko wurin da ya lotsa, ko robar sama ta fara rabuwa da soson, wannan hula ta gama aiki, kada ka ɓata kayanka a kanta. Haka ma wadda aka taɓa faɗuwa da ita kai ya bugu, ko da ba ta nuna komai ba, domin soson sau ɗaya yake murƙushewa, ba ya dawowa.

Sai zamanta a kai. Ta zauna daidai, ba ta koma ƙeya ba, tazarar yatsu biyu tsakanin gira da bakinta. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma ta matse yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga. Kada ka raina wannan mataki. Hular da ke lilo tun babu kaya, in ka ɗora mata fitila za ta riƙa zamowa kan idonka a kowane gargada, hasken kuma ya riƙa yawo inda ba ka aike shi ba.

Wanke bayanta da ruwa da sabulu marar ƙarfi, ka bar ta ta bushe a inuwa. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina.

Kayan da za ka tanada

Jar fitila ƙarama ta baya, farar fitila ta gaba, tef mai ƙyalli fari da ja, maɗauran roba masu talewa ko igiyar Velcro, wato maɗaurin nan mai manne kansa irin na takalmi, da almakashi. Shi ke nan ga mafi yawan mutane.

Wajen zaɓen fitila, ana auna yawan hasken da take fitarwa da lumen. In titunan da kake bi suna da fitilu, burinka kawai a gan ka, farar fitila mai lumen 100 zuwa 200 ta wadatar a kai. In hanya ce mai duhu da kake son ganin abin da ke gabanka, 300 zuwa 500 a kai, tare da mai ƙarfi a hannun keke. Masu hawan duwatsu da daji da dare suna ɗora abin da ya fi haka, amma su ba sa haɗuwa da motoci fuska da fuska. A kan titi, lumen dubu a goshi cutarwa ce ga sauran mutane. Ta baya kuma, lumen 20 zuwa 50 ya isa da dare. Ka sani cewa lambobin da ake rubutawa a kwalin fitilu marasa suna sau da yawa cika baki ne, a yawan hasken da kuma awannin da batir zai yi, don haka gwajinka ya fi rubutunsu.

Nauyi ya fi lumen muhimmanci a ganina. Hular keke kanta yawanci gram 250 zuwa 350 ce. In ka ɗora mata fitila mai gram 200, ka kusa ninka abin da wuyanka zai ɗauka, kuma a can sama inda zai fi rinjaya. Yi ƙoƙari duk abin da zai hau hular, gaba da baya, kada ya wuce gram 100 da ɗan wani abu. Nemi gajeriyar fitila mai kwanciya, ba doguwar tocila mai tsini ba.

Duba kuma alamar jure ruwa. IPX4 na nufin tana jure fantsamar ruwa, wato ruwan sama na yau da kullum. IPX6 tana jure feshi mai ƙarfi, IPX7 kuwa ko ta nutse a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30 za ta rayu. Wadda ba a rubuta mata komai ba, ɗauka cewa ba ta son ruwa. Makunnin ya zama babba yadda yatsa zai same shi ba tare da ka cire hular ba.

Akwai hulunan da ake ƙerawa da fitilunsu a ciki, irin na kamfanin Lumos, har da sigina ta hagu da dama. In hularka ta tsufa dama za ka sauya, wannan ce hanya mafi sauƙi, tunda da fitilun aka gwada su. Sauran bayanin na wanda zai yi aiki da hular da ke hannunsa ne.

Fara da tef mai ƙyalli

Shi ne mafi sauƙi, ba ya cin batir, ba ya mutuwa a hanya. A jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gilashi ko ƙananan kusurwoyi da ke mayar da haske can inda ya fito, shi ya sa idan fitilar mota ta doke shi, direban ne yake ganin ƙyallin. Kada ka ɗauka ɗaya ne da tef ko riga mai launin ruwan ɗorawa ko kore mai ɗaukar ido. Wannan launi hasken rana yake buƙata, da dare ba shi da wani amfani na musamman. Don ka tabbatar, shiga ɗaki mai duhu, riƙe tocilar wayarka kusa da idonka ka haska tef ɗin daga nesa. In na gaske ne zai yi wal.

Yanka shi ƙanana, kamar tsawon yatsa, ka zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su riƙa ɓallewa. Dogon yanki ba ya kwanciya a kan abu mai lanƙwasa, sai ya tattare. Manna ja a baya, fari a gaba da gefuna, a kan robar mai santsi kawai, ba a kan soson da ke fili ba. Ka danna kowane yanki da babban yatsa, ka bar shi ya kwana kafin ya ga ruwa. In takardar da ta zo da hular ta hana manna komai, bi maganarta, ka naɗa tef ɗin a kan igiyar Velcro ka zura ta ramukan iska.

Ba gefuna kulawa sosai. Fitilun keke gaba da baya suke kallo, motar da ke fitowa daga layi kuwa ta gefe take zuwa.

Jar fitilar baya

Nemi wuri a tsakiyar bayan hular, tsakanin ramukan iska biyu. Zura maɗaurin roba ta rami ɗaya ya fito ta ɗayan, ya rungumi gadar da ke tsakaninsu, ka maƙala fitilar. Shafa cikin hular da yatsa: maɗaurin ya kwanta lumui, babu ƙulli ko ƙarfe da zai taɓa kai. In hularka tana da siririyar shimfiɗar nan mai zamewa a ciki, irin ta Mips, maɗaurin ya bi ta tsakaninta da soson, kada ya ɗaure ta, domin zamewar ita ce aikinta. Kada kuma ka rataya fitilar a kan abin murɗawar nan na ƙeya da ake matse hular da shi sai in an ƙera ta don wurin.

Maɗaurin roba mai haƙora, wanda in an ja shi ba ya komawa, yana da jan hankali saboda ƙarfinsa, amma ƙarfin nan shi ne aibinsa a nan. Roba mai talewa ko Velcro sun fi, za su riƙe fitilar a kan gargada, su kuma sake ta in bugu ya zo. Gwada da hannu: girgiza hular da ƙarfi, fitilar kada ta motsa. Sannan ka ture ta da gefen tafin hannu, ya kamata ta kauce ko ta fita.

Ga inda mutane da yawa suke kuskure. Suna saita fitilar hular tana kan tebur, alhali a kan keke kai ba haka yake zama ba. Mai keken tsere da ke duƙawa, bayan hularsa dabam yake kallo da na wanda ke zaune a miƙe. Sa hular, hau keken, kama hannun yadda ka saba, ka dubi gaba, sannan wani ya tsaya a bayanka ya gyara fitilar har ta kalli baya sak, daidai da shimfiɗar hanya. Jar fitilar da ke haska sama ko ƙafadarka ba ta tsinana komai. In kana goya jaka ko kana sa riga mai hula, gwada da su a jikinka.

Farar fitilar gaba

Wuri biyu ne: saman hula ko gaban goshi. A sama nauyin ya fi daidaita, amma fitilar ta fi tsayi, ta fi kama rassa. A goshi ta fi kwanciya amma tana jan hular gaba. Ni na fi son ɗan gaba da tsakiyar kai kaɗan, a kwance sosai, jar fitilar baya kuma ta zama abokiyar nauyinta. Ɗaurin iri ɗaya ne da na baya, ta ramukan iska. In akwai tazara tsakanin gindin fitilar da hular, sa ɗan yankin tsohon tub na keke a ƙarƙashi don kada ta zame ko ta karce robar.

Saitin shi ne rabin aikin. Da dare, nemi fili mai shimfiɗa, hau keken, ka dubi inda ka saba duba in kana tafiya. Tsakiyar hasken ya sauka a ƙasa, mita 10 zuwa 15 a gabanka. Sa wani ya tsaya a wannan nisa. In hasken yana dukan fuskarsa, sunkuyar da fitilar, kada tsakiyarsa ya wuce gwiwarsa. Fitilun mota an yanke musu haske daga sama don kada su kashe idon mai zuwa, a Jamus ma doka ta wajabta irin wannan yanka ga fitilun keke. Yawancin fitilun kai ba su da shi, haskensu zagaye yake fita, kuma daga tsayin da ya yi daidai da idon direba. Direban da ka kashe wa ido bai gan ka ba, haske kawai ya gani, kuma na ɗan lokaci ba ya ganin mai tafiya a ƙasa da ke bayanka.

Akwai wani dalilin da ya sa ba a dogara da fitilar kai ita kaɗai. Da yake tana kusa da ido, inuwar duk abin da ta haska tana faɗawa bayansa inda ba ka gani, sai hanya ta yi kamar shimfiɗaɗɗiya, rami da tudu su ɓace. Fitilar hannun keke da ke ƙasa ita ce ke fitar da inuwa ta nuna zurfin rami. Don haka mai ƙarfin ta zauna a hannu, ta kai ta zama ƙarama. A cikin hazo ko ƙura ko ruwan sama kuwa, hasken kai yana dawowa cikin idonka kamar farin labule. Rage shi ko ka kashe, ka bar na hannu.

Ga mai son zagaye hular da haske

Wasu suna son layin ƙananan fitilun LED ya kewaye hular don a gan su ta kowane gefe. Yana yiwuwa, in an bi a hankali. Sayi irin mai aiki da bolt 5, mai kan USB, wanda aka lulluɓe da roba mai hana ruwa. Mai bolt 12 yana buƙatar batir mai nauyi, bar shi. Launi kuma ba abin wasa ba ne: fari a gaba, ja a baya, ruwan lemo a gefe. Jan haske a gaba yana sa direba ya ɗauka tafiya kake kana nisa alhali tahowa kake. Shuɗi kuwa a ƙasashe da yawa na motocin 'yan sanda da na asibiti ne. Mai sauya launuka yana da kyau a ido, amma ba ya gaya wa kowa inda ka dosa.

Auna tsawon da zare tukuna. Layin yana da wuraren yanka, inda za ka ga ɗigon jan ƙarfe da ɗan zane, a nan kaɗai ake sa almakashi. In za ka haɗa yanki biyu, fari da ja, yi amfani da waya siririya mai laushi, mai alamar tarawa zuwa mai alamar tarawa, mai alamar ragewa zuwa irinta. Yi aikin dalma a kan tebur, hular tana can nesa, domin zafin ƙarfen yana narkar da soson nan take. Rufe kowace mahaɗa da bakin da ka yanka da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, ita ma kafin ka kawo layin kusa da hular. Haɗa shi da batir ka ga ya kama. Sai ka manna ƙananan yankunan Velcro a kan robar hular da bayan layin, ka kwantar da shi. Amfanin Velcro biyu ne: kana iya cirewa ka wanke hular, in an faɗi kuma layin zai ɓalle.

Layin gaba ya zauna sama da bakin hular da kamar yatsu biyu. In ya sauko, haskensa zai riƙa faɗo maka a ido ko a kan tabarau, idon ya kasa sabawa da duhu.

Batirin layin kada ya hau kai. Fawa banki yana da nauyi da tauri, batirin litiyam kuma in ya fashe ko ya huje yana iya kamawa da wuta, ba abin da za a ajiye kusa da ƙwaƙwalwa ba ne a wurin da bugu zai sauka. Sa shi a aljihun baya ko a jakar goyo. Wayar ta bi bayan hular ta waje, ta sauko ta ƙeya, ta shiga wuyan riga. Bar mata sarari yadda za ka waiga hagu da dama har ƙarshe ba ta ja ba, amma kada ta yi lanƙwasar da za ta iya zagaye wuya ko ta kama wani abu. A daidai ƙeya, sa mahaɗar da ke zarewa da ɗan ja, irin kan USB biyu da aka cusa wa juna, kada ka naɗe ta da salatif.

Lissafin awanni ba wuya. Fawa banki mai 5000 mAh a bolt 3.7 yana ɗauke da kusan wat 18 na awa ɗaya. Cire abin da ke salwanta wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5, a ce saura 15. In layinka wat 2.5 yake ci, awa shida ke nan. Abu ɗaya za ka gwada a gida: wasu fawa bankin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Kunna ka bar shi rabin awa ka gani.

Akwai kuma wata igiya mai haske da ake kira EL, mai laushi da sauƙin lanƙwasawa. Tana da kyau a hoto, amma haskenta ba shi da ƙarfi, a titi mai fitilu kusan ɓacewa take yi. Ado ce.

Ƙyaftawa ko tsayawa

Fitila mai ƙyaftawa ta fi fizgar ido, tsayayyiya kuma ta fi taimaka wa direba ya auna nisanka da saurinka. A cikin duhu sosai, ɗigon da ke kamawa yana ɗaukewa yana da wuyar bi. Hanya mafi kyau ita ce haɗa biyun: ta jikin keke ta tsaya, ta bayan hula ta riƙa bugawa a hankali, musamman irin bugun da hasken ke raguwa ya ƙaru ba tare da ya mutu gaba ɗaya ba. Farar fitilar kai kuwa da dare a bar ta tsaye. Farin haske mai walƙiya da sauri yana ruɗa mai zuwa, yana ruɗa kai kanka, yana kuma iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwo. Dokoki sun bambanta: Birtaniya ta halatta masu ƙyaftawa tun 2005, sau 60 zuwa 240 a minti, Jamus kuwa ba ta yarda fitilun jikin keke su ƙyafta ba. In kuna tafiya a rukuni, tsayar da ta bayanka ka rage ta saboda wanda ke binka.

Gwaji daga idon direba

Wannan mataki ba a tsallake shi. Samu wani mai tsayi kusa da naka ya sa hular ya hau keken a hanyar da babu zirga-zirga, kai kuma ka zauna a kujerar direban mota a tsaye, fitilunta a kunne. Ya yi nisa kamar mita 100, ya juyo ya taho, sannan ya gitta ta gabanka daga hagu zuwa dama. Lura da inda jar fitilar ta fara dushewa, ko farar tana soka maka ido, da abin da ake gani lokacin da ya gitta. Galibi a gittawar nan ake gano giɓi.

A nan kuma za ka ga iyakar hasken kai. Ɗigo ɗaya a sama yana cewa akwai wani abu, bai ce mutum ne a kan keke ba. Binciken Joanne Wood da abokan aikinta a jami'ar fasaha ta Queensland a Ostareliya ya nuna cewa abin ƙyalli a idon sawu da gwiwa yana sa direbobi su gane mai keke da dare fiye da rigar ƙyalli ita kaɗai, domin ido yana saurin gane motsin ƙafafun ɗan Adam. Ragowar tef ɗinka, manna shi a igiyar Velcro biyu ka ɗaura a idon sawu, ka sa kaɗan a diddigen takalmi da gefen feda.

A kan hanya, da bayan an dawo

Dole ka koyi sabuwar ɗabi'a, tunda yanzu duk wanda ka kalla ka haska shi. In mota ko mai tafiya a ƙasa na tahowa, karkatar da kai ƙasa kaɗan zuwa gefen hanyarka, ka bi shi da ido kawai. A mahaɗa ko shataletale, in ka ga mota tana shirin fitowa, share hasken sau ɗaya a kan gabanta, ba cikin gilashin ba, sannan ka rage gudu kamar direban bai gan ka ba har sai ka ga tayoyin motar sun tsaya. In ka tsaya magana da mutum, kashe ta. Inda ƙwari suke da yawa, za su biyo hasken zuwa fuskarka, farin tabarau marar duhu yana maganin wannan.

Caji kuma a mayar da shi al'ada, a yi shi da an dawo, ba sai fitila ta nuna ja ba. Cire fitilun daga hular kafin ka jona su, ka ajiye su a kan abin da ba ya cin wuta, kada ka bar su a jone ka yi barci. Batirin da ya kumbura ko yake zafi fiye da kima, daina amfani da shi. Sanyi mai tsanani yana rage awannin batir, zafi kuma yana tsufar da shi, haka ma hular, don haka kada a bar su cikin rufaffiyar mota a rana. In ruwa ya dake ka, goge fitilun, ka buɗe murfin wurin cajin ya bushe kafin ka sa waya.

Maɗauran roba suna tsagewa da daɗewa, sukan kuma tsinke ba sanarwa. Duk mako ka ja su ka duba, ka ajiye guda biyu a jakar kayan gyara tare da ƙaramar jar fitila mai batirin CR2032, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, wanda ke daɗewa a ajiye bai zube ba. Sau ɗaya a wata kuma cire komai daga hular ka duba ƙarƙashin inda maɗauran suka zauna. In sun fara yin shaida a soson, ka matse su da yawa, sassauta ko ka sauya musu rami.